Yadda Za Ka Gano Abin da Rajimanti Ɗaya Ta Yi a Yaƙin Gettysburg

Tuta ce ta jawo ni cikin wannan harka. Shekarun baya na raka wani baƙo ginin majalisar jihar Minesota da ke St. Paul, muna zagaya babban falon tsakiya sai na ci birki gaban wani akwatin gilashi mai ɗauke da tsohuwar tutar yaƙi, duk ta koɗe ta yayyage. Mai yi mana jagora ya ce ta rajimanti ta ɗaya ce ta 'yan sa-kai na jihar, waɗanda a Gettysburg, lokacin yaƙin basasar Amurka, su 262 suka afka wa abokan gaba, 215 suka faɗi, 47 kacal suka rage a tsaye. Kowa ya jinjina kai. Ni ma na jinjina, amma aikina lissafin kaya ne a sito, kuma duk wanda ya daɗe yana ƙirga kaya ya san lambar da ta fito tsaf ita ce ake komawa a sake dubawa. Wa ya ƙirga su? Da yaushe? Tambayar nan ta cinye mini hutun shekara biyu da man mota ba kaɗan ba. Hanyar da na bi ita zan shimfiɗa a nan, da wuraren da na yi tuntuɓe, don mai son bin sawun wata rajimanti ya huta da rabin wahalar.

Ka fara da rajimantin, ka bar yaƙin tukuna. Kwana uku aka yi ana gwabzawa a Gettysburg, daga 1 zuwa 3 ga Yuli 1863, a kudancin jihar Pensilbaniya, tsakanin rundunar Arewa ƙarƙashin Janar George Meade da ta 'yan awaren Kudu ƙarƙashin Janar Robert E. Lee. Sojoji sama da dubu 150 ne suka hallara, kusan dubu 50 aka kashe ko aka raunata ko aka kama. Wanda ya ce zai haɗiye wannan duka a loma ɗaya, shaƙewa zai yi. Ka zaɓi mutum ɗari uku, ka rubuta cikakken sunan rajimantinsu kamar yadda yake a takardun Turanci, domin da shi za ka yi nema. Tawa sunanta First Minnesota Volunteer Infantry. Kowace kalma a ciki tana da aiki: lamba, jiha, sa-kai, sojan ƙasa. Ka yar da ɗaya, sai ka tsinci kanka kana karanta labarin mahayan dawaki ko masu igwa na jihar, ko wata bataliya mai kama da sunan da aka kafa daga baya.

Kalmar sa-kai tana ruɗin mutane. Ba wai suna yaƙi kyauta ba ne. Ƙaramin soja yana karɓar dala 13 a wata. Abin da ake nufi shi ne ba sojan dindindin na tarayya ba ne. Lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke a Afrilu 1861, sojan dindindin na Amurka gaba ɗaya kimanin dubu 16 ne kacal. Shugaba Abraham Lincoln ya nemi jihohi su kawo mutum dubu 75. Gwamnan Minesota, Alexander Ramsey, ya yi katarin yana Washinton a lokacin, sai ya yi tayin mutum dubu tun ranar 14 ga Afrilu, ya riga kowane gwamna. Jihar ma shekararta uku da samun matsayin jiha. Aka tara su a sansanin Fort Snelling ranar 29 ga watan, manoma da masu saran katako da malaman makaranta da lauyoyi, ko kakin kirki babu, jar riga da baƙin wando aka fara raba musu.

Abin da za ka riƙe a nan shi ne yadda ake gina irin wannan rajimanti. Kamfani goma ne, kowanne mutum ɗari ko kusa da haka, da haruffa daga A zuwa K ban da J. Kuma gari-gari ake tara su: kamfanin B daga Stillwater, F daga Red Wing, K daga Winona, H daga Hastings. Wa da ƙane, maƙwabci da maƙwabci, kafaɗa da kafaɗa. Wannan zai yi maka amfani daga baya, domin idan kana neman wasiƙar wani soja na kamfanin K, jaridar Winona ta Yulin 1863 za ka buɗe. Sannan kada ka ɗauka mutum dubu ne suka isa Gettysburg. Jihohin Arewa sun fi son kafa sababbin rajimanti a kan cike giɓin tsofaffi, saboda sabuwa tana zuwa da sababbin muƙaman kanar da kyaftin da gwamna zai raba. Tsofaffin sai su yi ta zagwanyewa. Bayan yaƙin Bull Run a 1861, da na Antietam a 1862, da zazzaɓi da gudawa da suka fi harsashi kisa a wannan yaƙi, kimanin mutum 330 ne suka rage wa ta Minesota.

Matakin da ke biye ba shi da armashi, amma kada ka tsallake shi. Ka ɗauki takarda ka rubuta sarkar shugabanci daga ƙasa zuwa sama. Kanar William Colvill ke riƙe da rajimantin. Tana cikin birged ta Janar William Harrow, birged ɗin tana cikin dibishan ta Janar John Gibbon, ita kuma tana cikin babbar runduna ta biyu ta Janar Winfield Scott Hancock. Da wannan tsarin aka jera rahotannin yaƙin, kuma yawancin taswirori sunan birged suke nunawa, ba na rajimanti ba.

A nan na fara cin ƙasa. Zuwana na farko, na bi sunan Harrow a taswira har ya kai ni tsakiyar tudun da ake kira Cemetery Ridge, na ga dutsen tunawa mai sunan Minesota, na tsaya awa guda ina kallon fili ina sassaƙa wa kaina yadda aka yi gudun. Ashe dutsen rana ta uku ne. Ranar 2 ga Yuli an zare rajimantin daga birged ɗinta an tura ta kudu, ta tsare wasu igwogi na sojan dindindin. Wurin harin yana can gaba, kusa da ƙaton ginin tunawa na jihar Pensilbaniya, inda aka kafa mutum-mutumin soja yana gudu da bindiga. Saboda haka bayan ka rubuta sarkar, ka tambayi kowace rana daban: yau tana tare da birged ɗinta ko an aike ta? Sannan ka sake tambaya a ƙasa da haka: kamfanoninta duka suna nan? Na Minesota ba duka ba ne. Kamfanin C yana gadi a hedkwatar dibishan, F an tura shi sintiri wajen wani tudu da ake kira Little Round Top, L kuwa, na gwanayen harbi da aka jingina musu, yana wani aikin daban. Kamfani takwas ne suka yi harin. Da wannan kaɗai ka fahimci me ya sa ake cewa 330 a wani wuri, 262 a wani.

Yanzu sai ka ɗaga kai ka ga abin da ya kawo su wurin, domin rajimanti ba ta zaɓar wa kanta lokaci. Layin sojan Arewa kamar ƙugiyar kamun kifi yake: lanƙwasar tana arewa a kan tuddai, sandar ta miƙe kudu a kan Cemetery Ridge zuwa Little Round Top. Kudancin sandar an damƙa wa Janar Daniel Sickles da babbar runduna ta uku. Sickles ɗan siyasar New York ne kafin ya zama janar, wurin da aka ba shi bai yi masa ba, sai ya kwashi mutanensa ba da umarni ba ya matsa gaba zuwa wani lambu da ake kira Peach Orchard da hanyar Emmitsburg. Wajen ƙarfe huɗu na yamma Janar James Longstreet na rundunar Kudu ya faɗa masa. Kafin faɗuwar rana layin Sickles ya wargaje, mutanensa na kwarara baya, shi kansa ƙwallon igwa ya farfasa masa ƙafa har aka yanke ta. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, to a ranar ruwan ya doki har waɗanda ba su ja ba. Giɓi ya buɗe a kan tudun, birged ɗin 'yan Kudu ta jihar Alabama ƙarƙashin Janar Cadmus Wilcox, mutum dubu da ɗaruruwa, ta nufo shi. Hancock ya iso a kan doki, ya aika a kawo ɗauki amma bai iso ba, abin da ya tarar a wurin kamfani takwas ne. Ya tambayi wace rajimanti ce, Colvill ya gaya masa, ya nuna tutocin abokan gaba ya ce a je a ƙwace su.

Wani abu game da Colvill da nake so: kwana uku kafin wannan, a tsare yake bisa laifin saɓa umarni. A wata doguwar tafiya ta mil talatin da ɗoriya an ce sojoji su ratsa rafi da ƙafa, shi kuwa ya bar nasa suka bi ta kan gungume don kada jiƙaƙƙen takalmi ya sale musu ƙafa. Lauya ne kuma ɗan jarida daga Red Wing, dogo ƙwarai. Dab da yaƙin aka mayar masa da muƙaminsa.

Takardu, da ranar da aka rubuta kowace

Duk abin da na faɗa a sama za ka same shi a kowane littafi. Aikin gaske yana farawa ne idan ka koma ga waɗanda suka rubuta da hannunsu. Gwamnatin Amurka ta tattara rahotannin hafsoshin ɓangarorin biyu ta buga tsakanin 1880 da 1901, littafi 128, ana kiransu Official Records a taƙaice. Na Gettysburg suna juzu'i na 27 na kashin farko, an raba shi uku, kuma duk suna intanet kyauta. Ka nemi rahoton rajimantinka, sannan na birged, sannan na dibishan, sannan na babbar runduna. Za ka ga abin da ya cika shafi a ƙasa ya koma layi biyu a sama, wani lokacin ma ya ɓace.

Ka duba wa ya sa hannu. Rahoton Minesota ba Colvill ne ya rubuta ba, domin harsashi ya same shi a kafaɗa da idon sawu. Manyan hafsoshin da ke biye da shi su ma sun faɗi. Kyaftin Nathan Messick da ya karɓi ragama an kashe shi washegari. Kyaftin Henry Coates ne ya rage ya rubuta. Sa hannun kawai ya ba ka labari kafin ka karanta layin farko.

Ga ƙa'idar da na kafa wa kaina, kuma ita ce ta fi yi mini amfani: kowace takarda na ɗauka, sai na rubuta shekarar da aka rubuta ta da jan biro a saman shafi kafin in karanta. Labarin harin da ya fi shahara, wanda kusan kowa ke kwafa, na William Lochren ne, laftanan a rajimantin wanda daga baya ya zama alƙali. Yana wurin, ya gani da idonsa, kuma ya iya rubutu. Amma a 1890 aka buga shi, shekara 27 bayan abin, cikin littafin da jihar ta ɗauki nauyi don karrama sojojinta. Ban ce ya yi ƙarya ba. Mutumin da ya shekara ashirin da bakwai yana ba da labari ɗaya a taron tsofaffin sojoji, labarin kan goge ya yi sumul a bakinsa ba tare da ya sani ba. Kalaman da Hancock ya gaya wa Colvill ma sun zo iri-iri, kowane mai ruwaya da nasa lafazin. Ma'anar ɗaya ce, shi ya sa na ba da ma'anar ban sa ta cikin alamar zance ba. Idan wasiƙar da soja ya aika gida a makon yaƙin ta saɓa da jawabin da aka yi a bikin buɗe dutse, ka ba wasiƙar gaba a kan abin da ya faru a kusa da shi, amma kada ka yarda da ita a kan abin da ya faru yadi ɗari daga inda yake. Cikin hayaƙin albarushi soja ba ya ganin komai sai na damansa da na hagunsa.

Daga nan ka tsallaka ɓangaren abokan gaba. Mutane da yawa ba sa yi, kuma nan daɗin yake. Rahoton Wilcox yana cikin juzu'in nan dai. Na buɗe shi ina jiran in ga ya ambaci ƙaramar rajimantin da ta tare shi, sai na tarar abin da ke cin ransa daban ne: ya kai har gindin tudun, ya aika a kawo masa ɗauki, ba a kawo ba, ana dukansa daga gaba da gefe, sai ya ja da baya. Da farko na ji kamar an rage wa mutanena daraja. Da na sake tunani sai na ga akasin haka. Idan janar mai mutum sama da dubu bai gane cewa waɗanda suka gangaro masa ba su kai ɗari uku ba, to harin ya yi aikin da aka tura shi yi.

Ka kuma nemi maƙwabta na dama da hagu. A kudu da su, kusan a lokaci guda, birged ta New York ƙarƙashin Kanar George Willard ta yi karo da ta Misisipi ƙarƙashin Janar William Barksdale a wannan kwarin dai. Aka kashe Willard, Barksdale ya samu raunin da ya yi ajalinsa. A arewa da Wilcox kuma akwai birged ta Florida da ita ma ake fafatawa da ita. In ka karanta labarin Minesota shi kaɗai, sai ka ɗauka su kaɗai suka ceci layin. In ka jera su duka, sai ka ga su toshe ɗaya ne cikin tosassa da dama da Hancock ya yi ta cusawa a bangon da ke yoyo, sai dai nasu ramin ba wanda zai toshe shi sai su. Kowace jiha da ta kafa dutse a filin nan, kuma duwatsu da alamomin sun haura 1,300, tana ganin 'ya'yanta ne suka juya yaƙin. Ka saurari kowa, ka riƙe fensirinka.

Ka je ka taka ƙasar

Gani ya kori ji. Filin yana hannun hukumar kula da wuraren tarihi ta tarayya, shiga filin kansa kyauta ne, kuma daga Washinton tafiyar awa biyu ce ko ƙasa da haka a mota. Ka je a lokacin da abin ya faru, wato dab da magariba, in da hali a watan Yuli. Ka sa dogon wando saboda kaska a cikin ciyawa. Kada ka ɗauki ko ƙusa daga ƙasa, kada ka zo da na'urar neman ƙarfe, doka ta hana kuma ba sa wasa da ita.

Zuwana na biyu da 'yata na je, tana da shekara goma sha huɗu a lokacin, ta biyo ni ne don na yi mata alkawarin za ta riƙe waya. Muka tsaya gindin mutum-mutumin muka fuskanci yamma. Abu na farko da ba littafin da ya sa na ji shi a jikina: rana tana cikin idonka. Gangaren kuma ba wani tsauni ba ne, sassauƙa ne, fili fetal ba inda za ka raɓe, ya sauka zuwa wata ƙorama da ake kira Plum Run, wadda a ranar busasshiya ce, sai duwatsu da ƙananan itatuwa. Na ce ta danna agogo, na sauka da sassarfa.

Da na iso ina haki ta biyo ni ta ce, "Abba, ko minti biyu ba ka yi ba."

Na ce, "To ƙara mini bindiga mai nauyin kilo huɗu da wuƙa a bakinta, da mutum dubu suna harbi na."

Ta dubi tudun da muka baro ta dubi ƙoramar, ta ce, "Amma Abba, in sun iso nan, ina za su je kuma?"

Tambayar da ta fi duk nawa ke nan. Babu inda za su. Sun gangaro a guje, wuƙaƙe a bakin bindiga, layin farko na 'yan Alabama ya tsaya ya ja baya, su kuma suka faɗa cikin busasshiyar ƙoramar suka buɗe wuta. Bindigar zamanin ta baki ake ɗura ta, gwani ne ke harbi uku a minti. Layin abokan gaba ya fi nasu tsawo nesa ba kusa ba, sai ya naɗo ta gefe yana harbin su a tsawon kwarin. In ka tsaya a ciki ka dubi dama da hagu, za ka gane cewa ramin da ya kare su daga gaba bai kare su daga gefe ba. An ruwaito Hancock ya ce minti biyar yake nema. Sun ba shi kusan kwata na awa kafin a ce su janye, kuma janyewar ma a kan wannan buɗaɗɗen gangaren aka yi ta, wannan karon ana hawa.

Ka ɗauki taswira ta takarda, ba ta waya kaɗai ba, ka sa alama inda igwogi suke, inda ƙoramar take, inda Willard yake. Ka tuna itatuwan yau ba su ne na 1863 ba; wani wurin ya yi duhu, wani an sare. Akwai jagorori masu lasisi da sai sun ci jarrabawa mai tsauri ake ba su izini. In za ka ɗauki ɗaya, ka gaya masa tun farko rajimanti ɗaya kake bi, in ba haka ba zai zagaya da kai yaƙin kwana uku cikin awa biyu.

Komawa kan lamba

Yanzu ka dawo kan abin da ya tayar da maganar. Ka ja layi uku a takarda: wanda ya ba da lambar, shekarar da ya bayar, da abin da ya ƙirga. Dutsen tunawa, wanda aka buɗe a 1897, ya ce 262 suka shiga, 215 aka kashe ko aka raunata. In ka raba, kashi 82 cikin ɗari ke nan, shi ya sa ake yawan cewa babu rajimantin Arewa da ta yi asara irin wannan a karo ɗaya. Ana kuma ba da 17 a rana ta uku, jimla 232. Jadawalin hukuma kuwa ya ba rajimantin 224 a yaƙin gaba ɗaya: 50 matattu, 173 masu rauni, ɗaya ba a gan shi ba. Lissafin bai haɗu ba. Masu bincike na baya-bayan nan da suka bi sunaye ɗaya bayan ɗaya sun karkata ga cewa asarar rana ta biyu ta ɗan gaza 215, ta rana ta uku kuma ta fi yadda aka saba faɗa.

Dalilan ba boyayyu ba ne ga wanda ya taɓa ƙirga wani abu cikin gaggawa. Mutum 47 da aka samu a layi da daren nan, su ne waɗanda suka amsa kira a lokacin; wani yana ɗauke da ɗan'uwansa zuwa asibitin fili, wani ya ɓata cikin duhu sai da safe ya dawo. In ka cire 47 daga 262 ka ce sauran duk sun faɗi, ka yi ragi ne, ba ƙirga ba. Wanda aka rubuta mai rauni ranar 5 ga wata yana iya cikawa ranar 20, ya tashi daga wannan layi ya koma wancan. Wani ƙirgan da hafsoshi, wani babu su. Ni dai a ganina, ko an rage lambar zuwa biyu cikin uku, ba abin da ya ragu daga abin da mutanen suka yi a kwarin nan, kuma na fi natsuwa da lambar da na san yadda aka same ta. In za ka rubuta, ka ce dutse ya ce kaza, jadawali ya ce kaza, ka bar mai karatu ya ga duka biyun.

Hanyar tantancewa ita ce sunaye. Hukumar wuraren tarihin tana da rumbun sunayen sojojin yaƙin basasa a intanet, nan za ka tabbatar da kamfanin mutum. Ma'adanar takardun ƙasa da ke Washinton tana da fayil ɗin aikin kowane soja da na fansho. Na fansho ya fi kowanne nama, domin a ciki gwauruwa ko uwa ko sojan da kansa ke rantsuwa a kan inda harsashi ya shiga da ranar da ya shiga, da shaidar likita da ta abokan kamfani. Aiki ne mai cin rai, mutum ɗaya yana iya cin maka yini.

Ka zaɓi mutum ɗaya ka bi shi har ƙarshe. Ni Isaac Taylor na bi, malamin makaranta a kamfanin E, wanda ke rubuta abin da ya faru kullum a ɗan littafinsa, kuma an buga littafin daga baya a mujallar tarihin jihar. Ɗan'uwansa Henry yana kamfani ɗaya da shi. Rubutun Isaac yana tafiya rana bayan rana, tafiya da ruwan sama da ƙarancin abinci, har zuwa 2 ga Yuli. Daga nan hannu ya canza. Henry ne ya nemo gawarsa a filin, ya binne shi, ya ƙarasa shafin. Bayan na karanta wannan, da na koma kan jadawalin nan mai 50 da 173, sai da na ajiye fensir na ɗan fita waje.

Kada ka rufe littafi da faɗuwar ranar 2 ga wata, domin waɗanda suka rage ba gida aka sallame su ba. An mayar da su birged ɗinsu a tsakiyar tudun, kamfanonin C da F da aka aika suka dawo, washegari kuma babban harin 'yan Kudu da ake kira na Pickett, sunan ɗaya daga janarorinsu, ya faɗo daidai inda suke. Nan ne dutsen da ya ruɗe ni yake. Nan aka kashe Messick. Kofur Henry O'Brien ya ɗauki tutar rajimantin ya yi gaba da ita har aka raunata shi, wani ƙaramin soja kuma, Marshall Sherman na kamfanin C, ya ƙwato tutar rajimanti ta 28 ta jihar Birjiniya. Su biyun an ba su lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka. A 1867 tsofaffin sojojin rajimantin suka kafa wani tulun dutse a maƙabartar sojoji ta Gettysburg, wurin da Lincoln ya yi jawabinsa ranar 19 ga Nuwamba 1863. Ka biya ta nan da jerin sunayenka a hannu, kaburburan an jera su jiha-jiha.

Tutar Birjiniyar kuwa har yau tana St. Paul, a hannun ƙungiyar tarihi ta jihar Minesota. Birjiniya ta nemi a mayar mata ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A shekarar 2000 da aka tambayi gwamna Jesse Ventura, amsarsa ita ce don me za a mayar, ai su suka ci yaƙin. Ba kullum ake baje ta ba saboda yadin ya tsufa, haske yana cin sa, saboda haka ka tuntuɓe su kafin ka kama hanya.